Maus ɗin laftof ɗinki yana tsalle-tsalle? Kafin a sake yi miki fomatin, zare caja tukuna

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya bada sa'ar karatu. Bari in ɗan maimaita abin da kika rubuto saboda masu irin wannan matsalar suna da yawa. Kince laftof ɗinki HP EliteBook 840 G3 ce tokumbo, a kanta kike rubuta firojet ɗinki na ƙarshe, sai maus ɗin jikinta, wato tocfad, ya fara rikici, kibiyar tana tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, wani lokacin ta danna abu da kanta, kina cikin taifin sai kiga rubutun ya faɗa tsakiyar wani layi daban. Kince an riga anyi miki fomatin, wato an goge Windows an sake saka shi, tayi lafiya na ɗan lokaci ta dawo, yanzu kuma an ce miki sai dai a canza tocfad ɗin gaba ɗaya. Can ƙasa kuma kika ambata cewa da daddare abin yafi tsanani, kuma cajar da kike amfani da ita ba wadda tazo da laftof ɗin bace, waccan ta ƙone kika sayi wata.

Toh wannan maganar ta ƙarshe ni ita tafi ɗaukar hankalina. Dan Allah kar ki bada kuɗin tocfad yanzu, kuma kar ki yarda a sake fomatin. Abin da nake so ki fara yi ba zai ci miki ko sisi ba: ki bari sai lokacin da abin yake tsakiyar haukarsa, sai ki zare caja daga jikin laftof ɗin, daga jikinta fa, ba kashe soket kawai ba, ki barta a kan batir ki ɗora yatsa ki ja a hankali daga hagu zuwa dama. In kibiyar ta nutsu tana bin yatsanki sumul, ki mayar da cajar ki sake gwadawa. In ta sake rikicewa shikenan kin kama ɓarawon, tocfad ɗinki ƙalau yake, Windows ɗinki ma ƙalau yake, wuta ce. A cikin laftof ɗin da ake kawo mana da wannan ƙorafin a nan Kano, wallahi wannan shi ne abin da nafi cin karo da shi, kuma shi ne aka fi tsallakewa.

Dalili kuwa, tocfad ba danna yake ji ba, kusantar yatsa yake ji. A ƙarƙashin fuskar nan mai santsi akwai siraran layukan jan ƙarfe da aka shimfiɗa a tsaye da a kwance, akwai kuma ɗan ƙaramin cif da yake tura wata 'yar mitsitsiyar wuta cikinsu yana aunawa sau da yawa a kowane sakan. Jikin mutum yana ɗaukar wuta, saboda haka da yatsa ya matso sai ma'aunin ya ɗan canza a daidai gurin, da wannan ɗan canjin yake gane ina yatsan yake. Canjin ƙanƙani ne ƙwarai. Ki ɗauka kamar mutum ne yake ƙoƙarin jin raɗa, in ɗakin shiru zai ji komai, amma ki kai shi tsakiyar Kantin Kwari da azahar ki ce ya maimaita abin da aka raɗa masa, sai ya fara jin abin da ba a faɗa ba. Caja marar kyau hayaniyar nan take kawowa. Ita caja aikinta ta karɓi wutar gida mai 230V ta sauke ta zuwa 19.5V, kuma tana yin haka ne ta hanyar yanka wutar sau dubbai a sakan ɗaya, yankan nan yana haifar da datti a cikin wutar, caja ta asali akwai kayan tacewa a cikinta da suke tare dattin, ta jabu kuwa su ake fara cirewa don a rage kuɗi. Laftof zata yi caji, fitila zata kama, kowa yace ai cajar tana aiki, amma dattin yana bin waya ya shiga jikin laftof ɗin, tocfad ya fara ganin yatsu inda babu.

Ina ma da zato a kan dalilin da yasa tayi lafiya bayan fomatin. Sau tari mai gyara da cajarsa ta kan tebur yake aiki, ko ya gwada miki a kan batir ya miƙo miki, kiga komai lafiya, ki dawo gida da cikakken caji, sai ranar da kika zauna dogon aiki a jone da taki cajar abin ya dawo. Shi yasa ko yaushe nake cewa duk mai kawo laftof gyara ya haɗo da cajarsa, har da wayar da take shiga soket.

Ki ɗauko cajar ki juya bayanta ki karanta. Irin laftof ɗinki tana amfani da mai siririn baki shuɗi, 19.5V, ko dai 2.31A wato 45W, ko 3.33A wato 65W, duk biyun suna yi mata. In kika ga lambar V ɗin ta bambanta, ko kuma irin cajar nan ce mai baki da yawa da ake murɗa mata makunni a zaɓi wuta, ki ajiye ta kawai. Sai dai rubutu shi kaɗai baya isa, don masu jabu sun iya kwafar takarda. Ki riƙe ta a hannu, ta jabu yawanci shafal take ba nauyi, ko da yake akwai masu saka guntun ƙarfe a ciki don tayi nauyi. Ki kai ta kusa da kunne lokacin da take aiki, in kina jin wani siririn kuka tsiiii, ba alama mai kyau bace. Ki taɓa ta bayan rabin awa, ɗumi ba laifi, amma zafin da ba zaki iya riƙe ta ba laifi ne. Rubutun jikinta ma in kin lura zaki ga na asali fes yake, na jabu ya ɗan dushe ko harufan sun karkace. Ni a ganina gara tsohuwar caja ta asali da aka ciro tare da laftof tokumbo, ko da jikinta duk ya goge, da sabuwa dal a kwali wadda ba a san asalinta ba. In zaki saya, a Beirut Road ne ko Farm Centre ko ina ne, ki tafi da laftof ɗin, a jona a gabanki, ki buɗe Paint ki ja layi da yatsa a hankali. In layin ya fito miƙe ki biya, in ya fito da haƙora yana karkarwa ki ce a kawo wata. Mai kaya na gari ba zai hana ki wannan gwajin ba.

Amma fa ba kullum cajar ce kaɗai mai laifi ba, nan ne maganar "da daddare" ta shigo. Ki tuna, da daddare wace wuta kike amfani da ita? In ƙaramin jen ne, irin wanda ake tayarwa bayan magariba, wutarsa tana hawa tana sauka duk lokacin da wani ya kunna wani abu a gidan, kuma yawanci ba a haɗa shi da ƙasa. Haka wasu ƙananan inbata na sola, wutar da suke fitarwa ba mai laushi bace irin ta NEPA, a kakkarye take. Caja ta asali tana iya jurewa, ta jabu kuwa sai ta ninka dattin. To ki gwada a wuta daban-daban, ta NEPA, ta jen, ta makaranta, ki lura a ina abin yake tashi.

Sai maganar at, wato wayar ƙasa, wadda mutanenmu da yawa suka ɗauka ado ce. Filogi mai ƙafa uku, doguwar ƙafar ta sama aikinta ta kwashe ragowar wutar da ta ɓata hanya ta zuba ta a ƙasa. Yanzu ki duba hanyar da wutarki take bi tun daga bango. Gidaje da yawa ramin saman soket ɗin ba a jona masa komai ba. Ekstenshin ɗin da ake sayarwa da arha in kin kwance zaki tarar waya biyu ce kawai a ciki duk da ramuka uku ne a fuska. Wayar cajar kanta, mai ramuka uku da take shiga jikin akwatin cajar, akwai ta jabu wadda ƙafar saman roba ce ko kuma ƙarfe ne amma ba waya a bayansa. Wasu kuma adafta mai ƙafa biyu suke ƙarawa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya yanke hanyar. Alamarsa sananniya ce: in laftof tana caji kika shafa bayan hannunki a gefen ƙarfenta ko bakin USB sai kiji wani ɗan girr, kamar tana ɗan jan ki, musamman in ƙafarki tana kan siminti ko tayil ba takalmi. Akwai wani gwajin da nake yi a shago: hannu ɗaya a kan tocfad, ɗayan kuma in dafa ƙarfen jikin laftof ɗin. In dafawar tasa kibiyar ta lafa, na saki ta sake tashi, to magana ta ƙare, at ne babu. Maganinsa ki jona kai tsaye a bango ba ta ekstenshin ba, ki canza wayar cajar da mai kyau, in gidan ne gaba ɗaya ba at to sai mai wayarin ya zo ya duba, kar ki ce zaki kwance soket da kanki dan Allah. Kafin nan dabarar da zata fisshe ki ita ce ki yi caji ya cika, ki zare ki yi aiki a kan batir.

Kar ki manta da sauran abubuwan da suke jone a jikinta ma. Firinta, wayar da ta tafi talabijin, duk wani abu da yake da tasa hanyar zuwa wutar gida zai iya shigo da dattin ta bayan gida. Lokacin gwaji ki zare komai.

To in kin zare caja abin bai canza ba fa? Abu na biyu da zaki duba shi yafi bani tsoro, don shi ba maganar maus kaɗai bace, maganar lafiyarki ce. Batirin irin laftof ɗinki a ciki yake, kwance daga gaba ƙarƙashin inda kike ɗora hannu, kusan daidai ƙasan tocfad. Wannan samfurin tun wajen 2016 ya fito, in batirin farko ne a ciki kinga ya sha shekaru. Batirin litiyom in ya tsufa ko ya sha zafi yana tara iska a cikinsa ya kumbura, in ya kumbura kuma ba inda zashi sai ya tura tocfad ɗin sama daga ƙasa, sai ya fara danna kansa, ko maɓallan su ƙage su ƙi dannuwa. Ki kashe ta, ki rufe, ki ɗora a kan tebur mai shafe ki dafa kusurwoyinta ɗaya bayan ɗaya, in tana rawa kamar ƙasanta ya yi tudu, alama ce. Ki ɗaga ta daidai ido ki kalli gaban, inda murfin ƙasa ya haɗu da na sama, akwai tsaga? Ki shafa yatsa a gefen tocfad ɗin, ya kamata ya zama daidai da jiki ko ma ya ɗan nutse, in kinji gefe ɗaya ya taso yana kama farce, to batir ne. Akwai wadda aka kawo min, mai ita yana ta ƙorafin maus, ina kwance sukurori biyun gaba murfin ya ɗago da kansa, batirin ya cika tam ledar jikinsa tana sheƙi, har ya fara lanƙwasa ƙarfen da yake riƙe tocfad ɗin. Ana cire shi tocfad ya koma mazauninsa ya ci gaba da aiki.

In kin ga haka ki daina caji nan take. Kar ki danna shi wai ya koma, kar a huda shi da allura a fitar da iskar, na san akwai masu yi kuma ganganci ne tsantsa, batirin litiyom in ya huje yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Kar a jefa shi a bola inda ake cinna wa shara wuta, ki bar wa masu gyara. Lambar batirin tana rubuce a jikinsa, na irin taki CS03XL ne, a nemo daidai shi. Kuma mu a nan garin dole mu kula da wannan fiye da mutanen da aka ƙera wa kayan, don a watan Afrilu da Mayu zafi yana kai digiri 40 har ya wuce, ga ɗabi'ar ɗora laftof a kan katifa ko filo wanda yake toshe mata hanyar shan iska, ga barinta a jone dare da rana saboda ba a san yaushe za a ɗauke wuta ba, ga barinta cikin mota a rana. Duk waɗannan suna saurin tsofar da batir.

In caja lafiya batir lafiya, sai mu dawo kan hannu da fuskar tocfad ɗin. Ruwa babban abokin gabarsa ne, ɗigo ɗaya ya isa ya zama yatsa na biyu a wajensa. An idar da alwala an zauna ba a goge hannu sosai ba, ko gumin bazara, ko laimar watan Agusta, ko maiƙon abinci. Da hunturu kuma sai abin ya juya, fata ta bushe ƙamas har tocfad ya dinga kasa jin yatsan, mutum ya shafa basilin ya dawo, maiƙon ya haɗu da ƙura ya zama wani ɗan dafi a fuskar da gefunan. Ki kashe laftof ɗin, ki sami ƙyalle mai laushi ki ɗan ɗiga masa sifirit, a ƙyallen fa ba a laftof ba, ki goge, ki bi gefuna da tsohon buroshin haƙori busasshe, ki bari ya bushe. Sannan tunda tokumbo ce ki duba ko an manna mata sitika, masu sayarwa suna yawan lulluɓe jikin laftof da leda mai kala don ɓoye gogewa, wani lokacin har kan tocfad ɗin, in ledar ta fara ɗagowa ko iska ta shiga ƙarƙashinta sai rikici. Ki ɓare ta kan tocfad ɗin.

Shi kuma tsallen da rubutu yake yi kina cikin taifin, zai iya zama cikin wannan matsalar, zai kuma iya zama abu daban mai sauƙi: tudun tafin hannunki ko gefen hijabi mai ɗan laima yana shafar tocfad ɗin, shi kuma ya ɗauka kin danna. Ki shiga Settings, a Windows 10 ki zaɓi Devices sannan Touchpad, a Windows 11 kuma Bluetooth & devices sannan Touchpad, ki mayar da sensitivity ɗin zuwa Low. In kin danna Additional settings kika ga shafin Synaptics, wato kamfanin da ya ƙera tocfad ɗin, ki nemi PalmCheck ko SmartSense, sunan ya danganta da direban da aka saka, wato 'yar manhajar da take haɗa Windows da tocfad ɗin, ki ƙara shi sama. Ni da zan zaɓar miki ma, tunda taki tana da maɓallai na gaske a ƙasa, ki kashe tapping ɗin gaba ɗaya har ki gama firojet, ki dinga danna maɓalli. A yawancin HP na wannan zamanin kuma in kin ƙwanƙwasa kusurwar sama ta hagu sau biyu tocfad ɗin yana kashewa, 'yar fitila ta kama, ki sake ƙwanƙwasawa ya dawo, yana da amfani lokacin dogon taifin.

Akwai kuma waɗanda ake ɗora wa tocfad laifinsu alhali ba ruwansa. Ki kalli tsakiyar kibod ɗinki, tsakanin G da H da B, akwai ɗan ƙaramin maɓalli mai kamar roba, shi ma maus ne, irinsa ne ja a laftof ɗin ThinkPad. In ya tsufa ko datti ya shige ƙarƙashinsa sai kibiya ta dinga tafiya gefe ɗaya a hankali ba wanda ya taɓa ta. Bambancin kenan, shi jan kibiya yake yi sannu a hankali zuwa gefe guda, ba tsalle ba. Wani lokacin in an cire hannu na 'yan daƙiƙu yana daidaita kansa, in ya ƙi ana kashe shi a shafin Synaptics ɗin nan. Ki leƙa ramukan USB ma, sau da yawa akwai ɗan mitsitsin kan maus marar waya da aka manta a ciki, maus ɗin kuma yana cikin jaka a kunne yana ta motsi. In kuma sikirin ɗinki mai taɓawa ne, tsaga ko datti a gilashin yana sa ya dinga danna kansa, a Device Manager ƙarƙashin Human Interface Devices zaki ga HID-compliant touch screen, ki yi masa Disable ki gani. Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: in kibiyar ba hauka take ba, tafiya take da hankali, tana buɗe fayil tana rufewa kamar mutum ne yake riƙe da ita, ki kashe intanet nan take ki duba ko akwai AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin da ake sarrafa kwamfuta da su daga nesa, da ba ke kika saka ba.

Sai yanzu muka iso kan Windows, kuma da gangan na bar shi baya. Hanyar raba gardama ita ce a gwada tocfad ɗin a inda Windows bai tashi ba. Ki kashe laftof ɗin, ki kunna kina ta danna Esc har menu ya fito, ki danna F10 ki shiga BIOS, a irin taki kibiya tana aiki a can. Ki yi ta yawo da ita minti biyu uku, da caja da kuma ba caja, kar dai ki canza komai a ciki. In a can ma tana tsalle, to ko sau goma aka yi fomatin ba abin da zai canza. In a can lafiya lau take sai an shiga Windows take rikicewa, to yanzu ne maganar direba ta taso.

Abin da yake yawan faruwa shi ne bayan fomatin ba a saka ainihin direban laftof ɗin, sai a bar wanda Windows ya ɗauko da kansa, ko a yi amfani da manhajar nan mai tarin direbobi a filash ta zuba duk abin da ta ga dama. Ki danna dama a kan Start ki buɗe Device Manager, ki buɗe Mice and other pointing devices. In kika ga PS/2 Compatible Mouse kawai ba sunan Synaptics, to direban gama-gari ne, yana motsa kibiya amma bai iya bambance tafin hannu da yatsa ba. Ki shiga shafin HP na intanet ki rubuta lambar siriyal ɗin da take ƙasan laftof ɗin, ki sauke direban tocfad da na chipset, ki saka, ki yi Restart. In kuma matsalar ta fara ne bayan wani ofdet, a Properties ɗin direban akwai Roll Back Driver, yana mayar da na baya. Ki lura na ce Restart ba Shut down ba, saboda tun Windows 8 akwai abin da ake kira Fast Startup, in kin yi Shut down baya kashe komai da komai, yana ajiye direbobi yadda suke ya dawo da su gobe da matsalarsu, Restart ne yake tayar da su sabo. Wani abin kuma, laftof ɗinki Intel ƙarni na 6 ce, Windows 11 kuwa a hukumance daga ƙarni na 8 yake farawa, ana dai tura shi da dabara musamman tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Yana aiki, amma direban tocfad ɗinki na Windows 10 ne, shi zaki nema ki saka ko da 11 ne a kai. Masu sababbin laftof kuma da zasu karanta wannan, naku yawanci I2C HID Device zaku gani, shi kuma in laftof ɗin Intel ce sai an saka direban Intel Serial IO kafin ya zauna daidai.

Kafin a kai ga kwancewa ki ƙara da wannan, ba wuya: kashe ta, zare caja da komai, ki danne maɓallin kunnawa kamar sakan 30, ki saki, ki kunna. Yana sauke ragowar wutar da ta maƙale a bod, wato babban allon cikin laftof da komai yake jone a kansa, da hunturu musamman yana taimakawa.

In duk an bi waɗannan abin yana nan har cikin BIOS kuma ba caja, sai a buɗe. Ko a nan ma ba canza tocfad ake fara yi ba. Akwai wata siririyar waya mai faɗi kamar ribon, muna ce mata fileks, ita ta haɗa tocfad da bod, bakinta yana shiga wani ɗan soket mai ƙaramin murfi da ake ɗagawa da farce. Laftof ɗin da ta sha kwancewa, ko ta taɓa faɗuwa, ko take shan jijjiga a jaka cikin adaidaita sahu kullum, fileks ɗin yana iya zamewa ya zauna a karkace, ko haƙoransa su yi duhu. A cire batir tukuna, a ɗaga murfin, a zaro shi, a goge haƙoran da sifirit, a mayar a miƙe har ya shige daidai, a rufe. A duba sukurori da 'yar takardar ƙarfen da take haɗa tocfad da jikin laftof, don ita ce at ɗinsa na ciki, wasu in sun kwance basa mayar da ita. In an ga fari-fari ko kore-kore a bayan tocfad ɗin to ruwa ko shayi ya taɓa shiga. Fileks shi kaɗai ana canza shi kuma kuɗinsa bai kai na tocfad ba. Sai an yi duk wannan bai yi ba sannan zan yarda a ce tocfad ɗin ne ya mutu, yana faruwa, amma shi ne mafi ƙaranci a abin da nake gani. In za a canza kuma ki ce a jona sabon a gwada a gabanki kafin a ɗaure, don in sabon ma ya yi tsalle to matsalar tana kan bod ne, kar ki biya kuɗin abin da bai gyara komai ba.

Tunda firojet kike yi, yau ɗin nan kafin ki taɓa komai ki kwafe shi a filash ki kuma tura wa kanki ta imel, don kibiya mai danna kanta tana iya zaɓe shafi guda ta goge kina kallo, in hakan ta faru Ctrl da Z zaki danna nan take kafin ki rubuta wani abu. Ki sayi ƙaramin maus mai waya ki jona, a Settings ki cire alamar Leave touchpad on when a mouse is connected in akwai ta, in babu ki kashe tocfad ɗin ta kusurwar nan, aikinki ba zai tsaya ba. Sai ki rubuto min abin da kika gani da kika zare caja, da abin da aka rubuta a bayan cajar, da kuma ko laftof ɗin tana rawa a kan tebur, in sha Allah daga nan zan gaya miki abin da zaki saya da wanda ba sai kin saya ba.